Shirun Cikin Rumbu

Gidan da aka kai ni aure a garin Ƙofa gida ne da ba a magana a cikinsa sai da ihu. Ba wai faɗa ake yi ba. Injin niƙan maigidana yana jikin katangarmu ne, a wata rumfar kwano, kuma in ya tayar da shi da safe ba ya kashewa sai lokacin salla. Duk wanda ya zauna a gidan sai da muryarsa ta buɗe. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, in tana cigiyar ludayi sai maƙwabta sun san ludayi ya ɓata. Ni kuwa daga ruga na fito, can wajen Burumburum, inda in yarinya ta ɗaga murya a gaban babba uwarta ake kallo. Inna takan ce, "Wannan Bafillatanar, sauro ya fi ta murya." Sai in yi murmushi in sunkuyar da kai. Amma kada a yi mini shaidar haƙuri, ban da shi. Zuciya ce da ni kamar garwashi, kunya ce kawai ta rufe ta da toka.

Haihuwata ta fari mace ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ma nuna ta san da zamansa in da mutane. Hausawan Ƙofa ma suna wannan kunyar, amma tawa ta fi tasu tsanani, don da ita aka raine ni. Ana yaye yarinyar ta koma ɗakin kakarta. Ita take kira Inna, ni kuma Adda, kamar wata yayarta. In zan aike ta sai in ce "ke," ina kallon wani wuri. Ina son ta son da ban san inda zan ajiye shi ba, amma ban taɓa zama na dube ta ido cikin ido mun yi hira ba.

Tana wajen shekara biyar, a wata bazara a farkon shekarun casa'in, sanƙarau ya kama ta. Allah ya bar mana ita, amma ciwon ya tafi da jinta. Kunnen dama ya mutu, na hagu da ɗan saura. Da farko mun gode Allah, tunda bakinta yana nan. Sai maganar ta fara lalacewa. Yarinyar da Inna ke cewa ta haɗiyi aku, wadda ta iya Fatiha da ƙananan surori, ta koma tana cinye ƙarshen kalmomi, sannan kalmomin suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin ruwa ya zauna, yawancin buƙatarta da yatsa take nunawa.

Bayan zirga-zirga aka samo mata na'urar ji a wani asibiti a Kano. Wani ɗan akwati ne da bai kai sabulun wanka girma ba, ana rataya shi a ƙirji, da siririyar waya da ta tafi zuwa wani abin toshe kunne. A gefensa akwai 'yar taya da ake murzawa a ƙara ƙarfi ko a rage. Mu uku muka raka ta karɓowa, ni da Inna da babanta. Ma'aikaciyar jinyar da ta saka mata ta dube mu ta ce, "Wace ce mahaifiyarta?"

Na dubi ƙafafuna. Inna ta ce, "Ni ce."

Matar ta yi dariya, ta juyo gare ni, don ta gane ni ce uwar. Ta ce, "Ki saurare ni da kyau. Wannan abin ba ya zaɓe. Duk abin da ya ji sai ya ƙara masa ƙarfi, magana ce ko kukan akuya. Ku bar tayar nan a tsakiya. Ki nemi wuri mai shiru, ki zauna gabanta, ki yi mata magana da muryarki ta kullum, ki riƙa kiran sunanta. Kullum, ba wataran ba. In ta daɗe ba ta jin magana, wadda ta rage a bakinta ma tafiya za ta yi."

Duk mun ji. Amma kafin mota ta sauke mu a Ƙofa, abin da ya rage a kan maigidana da Inna shi ne an samo maganin kurumta.

Washegari unguwa ta cika gidanmu da barka. An sa wa abin suna rediyon kunne. Maigidana ya ce ina amfanin abu mai ƙarfi a bar shi rabi, ya murza tayar har ƙarshe. Aka tsayar da yarinyar a tsakar gida, inji yana ta ruri a bayan katanga. Mata suka shiga layi, kowacce ta durƙusa ta kai bakinta jikin akwatin ta kwatsa, "Kina ji na?" Da alheri suke yi, na sani. Sun saba kurma da ihu ake masa magana. Ina daga ƙofar ɗakina ina kallon fuskar yarinyar tana canzawa. Idanunta suka firfito, ta dafe kai da hannu biyu, ta ƙwalla wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba, ta fizge wayar ta yi jifa da akwatin. Allah ya so ya faɗa kan tabarma.

Aka ce baƙunta ce, za ta saba. Ba ta saba ba. Kullum da safe sai an danne ta a saka mata, Inna ta riƙe hannuwa, babanta ya tura abin a kunne. In bai zauna daidai ba ya riƙa wani fito mai tsinin gaske da ni ma daga nesa nake jinsa a haƙorana. Aka gwada mayar da ita makarantar allo da shi. Can kuwa yara ne kowa na rera nasa karatun a lokaci guda. Malam da kansa ya riƙo hannunta ya dawo da ita tana makyarkyata, ya ce a bar ta ta huta tukuna. Daga nan ko ganin akwatin ta yi sai ta shige ƙarƙashin gadon Inna. Aka rataye shi a ƙusa.

Wata rana da yamma muna tsakar gida maigidana ya ce da Inna, ba da ni ba, "Na yi tambaya. Akwai makarantar kurame a birni, ta kwana. In an kai dawa rumbu zan kai ta."

Inna ta share ido da bakin zani ta ce, "To, ya za a yi."

Ba a tambaye ni ba, kuma da an tambaye ni cewa zan yi duk yadda suka gani. Haka aka koya mini. Amma gabana ya faɗi faɗuwar da ta hana ni cin abinci. Ban raina makarantar ba. Abin da na sani shi ne za a ɗauki yarinyar da ba ta iya cewa cikinta na ciwo ba a kai ta cikin baƙi, kuma 'yar maganar da ta rage mata a can za ta ƙare. A lokacin dawa ta fara fitar da kai.

Da hantsi Inna takan fita rumfar inji ta zauna tana jera kwanukan masu niƙa tana shan hira. Wata rana da ta fita na shiga ɗakinta na ciro akwatin daga ƙusa. Na goge abin kunnen, na danna a nawa, na kunna.

Wallahi sai da na durƙusa. Injin nan da na yi shekaru ina ji har na daina jinsa, sai ga shi cikin ƙwaƙwalwata kamar kaina aka zuba a ciki ana niƙawa. Zakara ya yi cara, na ji kamar an soka mini allura. Wata maƙwabciya tana daka, kowace taɓarya a tsakiyar kaina take sauka. Ko gogar rigata a jikin akwatin ƙara ce mai zaman kanta. Inna ta yi magana a waje, na ji ihunta amma ban fahimci ko kalma ɗaya ba, duk ta narke cikin rurin. Na cire shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji haushin maigidana, na ji haushin Inna, na ji haushin matan unguwa da barkarsu. Ashe wannan ake danne yarinya a cusa mata kullum, a ce taurin kai ne da ita.

Na mayar da tayar tsakiya, na sake sakawa, na shiga zagaya gidan ina neman inda abin zai lafa. Ɗakina rufin kwano ne kuma yana kusa da katangar, can ya fi muni. Madafa ba dama. Bayan gida akwai sauƙi amma injin yana nan. Sai na isa ƙarshen gidan, inda babban rumbun ƙasa yake, wanda marigayi surukina ya gina da kaurin bango da 'yar ƙofa a gefe. Tun tsakiyar damina dawar ciki ta ƙare. Na janye murfin na zura kaina. Injin ya koma can nesa kamar kukan ƙudan zuma. Na ce "bismillah" a hankali, na ji muryata tas a kunnena.

Mace ba ta shiga rumbun mijinta ba da izini ba. Kowa ya san sunan da ake kiran mai yin haka. Na san wannan sarai lokacin da na ɗauko tsintsiya na share cikinsa, na duba kunama, na shimfiɗa tsofaffin buhuna. Na yanki wani tsohon zanena mai laushi na ɗinka wa akwatin 'yar jaka, na bar bakinsa a buɗe, don gogar tufafi ta ragu.

Shigar da yarinyar bai yi wuya ba, wasa ta ɗauka. Da ta ga akwatin ne ta manne da bango. Ban matsa mata ba. Na saka a nawa kunnen na zauna ina tsintar ƙwayar dawa a ƙasa, ina nuna mata ba ya cizo. Haka muka yi ta yi, kullum da hantsi in Inna ta fita. Wata rana ta miƙo hannu ta taɓa wayar. Na rage tayar sosai, na kai abin kusa da kunnenta na hagu ban tura ba. Ita ta tura da kanta, ta runtse ido tana jiran azaba. Azabar ba ta zo ba. Ta buɗe ido.

Na ɗaga ƙwaya ɗaya na ce, "Dawa."

Ta zuba wa bakina ido. Na ƙara tayar kaɗan na sake faɗa. Can ta ce, "Dawa," da wata murya mai tsatsa. Na juya mata baya na yi kamar ina gyara buhu, don kada ta ga fuskata.

Daga nan kullum muna ciki. Ƙwarya, ludayi, ruwa, akuya. Muka koma kan Fatiha aya aya. Ban taɓa sanin tana da ɗan tabo ƙarƙashin haɓa ba sai a rumbun nan, don ban taɓa kallonta kusa haka ba. Abu ɗaya ne ya gagare ni. Ma'aikaciyar ta ce in kira sunanta, na kuma gwada, ba kowa sai ni da ita da Allah, amma sunan ya zo maƙogwarona ya tsaya. Sai in ce "ke" in ci gaba.

Wani zai ce me ya hana ni gaya musu. Ta yaya? In tsaya gaban surukata in ce ina shiga rumbun ɗanta ina zama gwiwa da gwiwa da 'yar farina? Kuma ba abin da zan nuna, don da mun fito cikin rurin inji take cire abin ta miƙo mini, bakinta ya sake rufewa. Kullum cewa nake sai ta ƙara ƙwari. Dawa kuwa ba ta jira na. Ta nuna, aka fara yanka a gonakin gabas. Maigidana ya ce cikin satin zai share rumbu ya yi masa hayaƙi. Ya sayo wa yarinyar akwatin kwano na kaya ya ajiye a zaure, duk wucewata sai na gan shi.

Ranar da asirinmu ya tonu muna tsakiyar Fatiha. Ashe Inna ta shigo ɗaukar goro, ta hango murfin rumbu a janye, ta matso ta ji ƙus-ƙus a ciki. Sai na ji muryarta ta tsaga gidan.

"Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo a rumbu!"

Inji ya yi tari ya mutu. Na ji gudun ƙafafu. Yarinyar ta ga fuskata ta riƙe mini zani. Maigidana ya daki bangon rumbun da gora ya ce, "Fito ko in fito da kai!"

Na fara zuro ƙafa. Na fito da baya, ƙaiƙayi a ɗankwalina, na juya na ciro yarinyar. Tsakar gida cike da mata riƙe da kwanukan niƙa, da samarin da suka biyo ihu. Maigidana ya sauke gorar, bakinsa a buɗe.

Inna ta tafa hannu ta ce, "Ke ce? Me kike nema a rumbun mijinki? Me muka hana ki a gidan nan?"

Wata daga baya ta ce, yadda kowa zai ji, "Hmm, Fulani da magani. A duba ko an binne wani abu."

Sai idon maigidana ya kai kan wayar da ke kunnen yarinyar. Ya ce, "Kai! Ta yarda ta saka?" Murna ce ta kama shi, na gani. Ya yar da gorar ya durƙusa, ya kai hannu ga tayar, ya ja numfashi zai kwatsa mata magana a jikin akwatin. Matan suka matso, kowa da abin da zai faɗa. Na ga kafaɗun yarinyar sun ɗage, hannunta ya tashi zuwa wayar. Na san in ta fizge shi yau a gaban mutanen nan, ba rumbun da zai sa ta sake yarda, kuma akwatin kwano yana zaure yana jira.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Kada ka taɓa."

Ya ɗago ya dube ni kamar bango ne ya yi magana.

Na ce, "Ɗauke hannunka. Ku kuma ku ja baya, ku yi shiru. Inna, don Allah, har ke."

Wata ta ce, "La'ilaha illallahu." Inna ta dafe ƙirji. Amma mamaki ya yi mini aikin da roƙo ba zai yi ba, kowa ya yi tsit. Tunda na zo gidan ban taɓa jin shiru irin wannan da rana ba. Har motsin ganyen darbejiya ana ji.

Na sauke hannun yarinyar daga wayar a hankali, na juya ta ta fuskanci kakarta, na koma bayanta na ja da baya kaɗan, inda ba za ta ga bakina ba. In na ce "dawa" ba ta da dalilin juyowa. Abu ɗaya ne zai juyo da ita, kuma ba ta taɓa jinsa daga bakina ba, ko lokacin da kunnenta ke lafiya. Na tuna mahaifiyata, na tuna abin da za a je a faɗa a ruga. Ga surukata, ga mijina, ga rabin unguwa. In na kira ba ta juyo ba, na zubar da kunyata a banza kuma na rasa ta.

Na kira sunanta, da muryata ta kullum, wadda sauro ya fi.

Ba ta motsa ba. Na ji wata ta fara jan tsaki. Sai kan yarinyar ya karkata hagu kamar mai neman inda abu ya faɗi. Ta juyo gaba ɗaya ta dube ni.

Ta ce, "Na'am, Adda."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa, a wurin da take tsaye. Maigidana yana durƙushe bai tashi ba. Ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna, ya rufe. Ni kuwa kunyar ta dawo mini gaba ɗaya, na ja gyale na rufe fuska na shige ɗaki na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa.

Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau. Labari kuma ya kai Burumburum kafin kasuwa ta zagayo, mahaifiyata ta aiko a tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Ba wanda ya ce na kyauta. Maganar makarantar birni ma ba wanda ya ce an fasa, ba a dai sake tayar da ita ba, akwatin kwanon kuma Inna ta zuba tsummokaranta a ciki.

Na'urorin yanzu, na gani a kunnen yaran dangi, su da kansu suke danne hayaniya su fito da magana. Mu a lokacin bangon ƙasa muke da shi. Maganar 'yata ba ta koma kamar da ba, har yau tana da nauyi, kuma a taron biki sai ta karanci baki. Amma magana ce, da ita ta yi karatu, da ita take yi wa nata 'ya'yan faɗa.

Da aka gama yankan dawa a shekarar, jakuna suka shigo da dammuna. Ina madafa ina leƙe. Maigidana ya tsaya gaban rumbun ya daɗe, sannan ya ce da masu jakunan su sauke a shagon zaure. Inna ta ce ɓeraye za su yi Sallah, ya ce su yi. Washegari da hantsi na je ɗauko rediyon kunnen ban gan shi ba, na nufi ƙarshen gida, na tarar murfin rumbun a janye. Inna ce a durƙushe, ta zura kanta ciki, ƙafafunta a waje. Matar da maƙwabta ke jin cigiyar ludayinta tana ta ƙoƙarin rage murya, abin yana ƙwace mata tana sake kamowa, tana tambayar jikarta da ke ciki ko ta karya kumallo.